Reshen da Lempi Ta Zaɓa

Sau ɗaya tak Veikko Harju ya taɓa ja da matarsa a bainar jama'a, kuma a wannan ɗayan ma ƙasa ya sha. Yanzu da aka kwantar da shi kusa da ita a bayan coci, ba wanda zai ji kunya in an tuna.

A watan Fabrairu ne na shekarar 1987, a ɗakin ƙasa na cocinmu, inda ƙungiyar masu ɗaukar hoto ke haɗuwa ranar Talatar farko ta kowane wata. Mutum goma sha huɗu ne, kuma rabinsu kofi da burodin nisu ke kawo su. Dusar ƙanƙara ta rufe rabin taga. Veikko ya shigo da hoto a cikin firam, ya rungume shi kamar jaririn da za a yi wa baftisma, ya jingina shi a kan tebur, ya ja baya ya harɗe hannu.

Malam-buɗe-littafi ne, amma irin na dare, kuma baƙo. Wani ƙato ne daga dazukan Asiya masu zafi, faɗin fikafikansa ya kai faranti, ja-ja da ruwan ƙasa, bakin kowane fiffike kamar kan maciji. Veikko ya saye shi tun yana kwance cikin kwanson zaren da tsutsa ke saƙa wa kanta, daga wani mai kiwonsu a kudu, ya ajiye shi a kwalin takalmi bayan murhu har ya fito. Ga shi nan a hoto ya kama wani reshe mai ganye kore shar, har kana iya ƙirga gashin ƙafarsa.

Kowa ya matso yana kallo. Sulo Pelto, wanda ke alƙalancin gasa saboda shi kaɗai ya taɓa karanta littafin dokoki har ƙarshe, ya riga ya zaro shuɗin ƙyallen da ake liƙa wa na ɗaya.

Sai Lempi, matar Veikko, ta ajiye butar kofi.

"Veikko, ina ka samo ɗanyen ganye a Fabrairu?"

"Na samo."

"Ai na ga ka samo. Ina?"

"Ganye ganye ne, Lempi. Mutane na kallon halittar Allah, ke kina kallon ganye."

Ta matso, ta ɗaga tabarau, ta kusa manna hanci a gilashin. "Wannan koivu ne."

"To, sai me?"

"Koivu fa! Bawan Allah ya fito daga ƙasar da ko rigar sanyi ba a sayarwa, ka ɗora shi a kan itacen da ke tsaye cikin ƙanƙara wata shida? Tsaya ma tukuna." Ta ƙara sunkuyawa. "Ga jan zare nan a ƙasa, ka manta ba ka fitar da shi daga hoton ba. Zarena ne. Jama'a, tsintsiyar wanka ce!"

Kowane gida a nan yana yankar rassan koivu a watan Yuni, a ɗaure su tsintsiya-tsintsiya, a jera a firiza, domin bugun jiki a sauna, ɗakin wankan tururi, duk Asabar. A Fabrairu, duk garin ba wani koren ganye sai su.

"Da wannan reshen na daki bayanka ranar Asabar, tsoho," in ji Lempi. "Shi ya sa na ga tsintsiyar ta rame."

"Sabuwa na ɗauko! Ba a taɓa wanka da ita ba!"

"Dubi ganyen nan da ya dafe. Tururi ne ya yi masa haka, ko kunya?"

Matar fasto ta ƙware da kofi. Sulo ya mayar da ƙyallensa aljihu a hankali, kamar mai ɓoye abin sata. Veikko, fuska ta yi ja har kunnuwa, ya ɗaga murya ya ce ai ƙwaro bai san sunan itace ba, duk inda aka ɗora shi kamawa zai yi.

"Shi bai sani ba," in ji Lempi. Ta daina dariya. "Kai ka sani."

Ya ɗauki hotonsa ya fita, ya bar hularsa a kan tebur.

Veikko direban motar ture ƙanƙara ne na ƙaramar hukuma, shekara talatin da huɗu. Mahaifinsa a ramin haƙar tagulla ya ƙare, kamar iyayen yawancinmu a wannan lungu na arewacin Michigan. Ƙaton mutum ne, hannuwa kamar shebur, maganarsa ta yini guda ba ta cika cokali. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ba a haifi wanda zai tausaya musu a gaban Lempi ba.

Sha'awar ƙwarin nan ta faro ne wata rana yana share hanyar bakin tafki. Ya hangi wani kwanso yana reto a jikin reshe, shi kaɗai a cikin farin fili, iska na kaɗa shi. Ya tsayar da mota mai nauyin tan ashirin, ya sauka, ya karyo reshen ya kawo gida. A watan Yuni ƙwaron ya fito a kicin, ya rataye a labule yana buɗe fikafikai. Veikko ya miƙa masa ruwan sukari a murfin kwalba, ya ƙi ko kallo. Da ya je ɗakin karatu ya duba, sai ya tarar ai manyan nan ba su da baki sam. Duk cin da za su yi a duniya sun riga sun ci tun suna tsutsa. In sun fito, kwana biyar ne ko bakwai, su nemi abokin haihuwa, su mutu. Ya dawo gida ya zauna gaban labulen har abincinsa ya huce. Wasu masu wannan sha'awa allura suke soka musu, su jera a akwati. Shi hannunsa ya ƙi. Sai ya sayi tsohuwar kyamara.

Bayan abin da ya faru a coci, kwana uku bai yi wa Lempi magana ba. Ita kuwa ba ta ma lura ba, don bambancin kaɗan ne. A rana ta huɗu ya ajiye mata littafi a buɗe kusa da kwanon fate, a shafin da ke nuna dajin Asiya.

"To, ke zaɓa," ya ce.

"Da ma," in ji ta.

Daga ranar aka raba aiki, kuma rabon bai canza ba shekara talatin da ɗaya. Ƙwaro da kyamara nasa, reshe nata. Bai ƙara danna kyamara a kan reshen da Lempi ba ta amince da shi ba.

Ta mayar da barandarsu mai gilasai daji. Mu muna fama da dankali da kabeji a 'yan watanninmu uku na ɗumi, ita tana renon gwaba da lemo da kirfa da ɓaure a tukwane, tana tashi da asuba ta hura musu murhu. Itacen wutar da gidan nan ya ƙona saboda ganye ya isa ya ɗumama makarantar firamare. In kwanso ya iso ta gidan waya, abin da take fara tambaya shi ne daga ina asalinsa, sannan ta rubuta wasiƙu, ta tono abin da ke tsiro a can.

Dokokinta ba a rubuce suke ba, amma Veikko ya haddace su fiye da addu'ar cin abinci. Kada bakin yanka ya fito a hoto, don ba mai yawo da almakashi a daji. A kafa reshe yadda ya tsiro, domin ganye rana yake fuskanta, in ka juya shi duk mai ido zai ga ya ba sama baya. Ganyen da tsutsa ta ɗan gatsa ya fi mata wanda ba tabo. Kuma ƙwaron ya rataye ta ƙasa, yadda yake yi in yana hutawa. In Veikko ya ɗora shi a bisa reshe sai ta ce, "Kaza ce a kan ƙwai?" Akwai masu saka su a firij na minti goma su sandare, don su daina motsi. Lempi ta ce duk ranar da ya gwada haka, shi ma a firij zai kwana.

Ba a kama su ta fiffike. Launin nan duk gari ne, ɗan taɓi kaɗan ya bi yatsa, kuma ba ya dawowa. Yatsa ake sawa a gaban ƙirjinsu a ɗan tura, su da kansu su tako. A wannan Lempi ta fi mijinta, sai ka ce kiran sunansu take yi.

Takardar izinin hukuma ta hana a saki ko ɗaya. A kejin raga suke fitowa, a nan suke mutuwa. Wata rana na tsokane ta, na ce duk wannan wahala a kan ƙwaron da bai taɓa ganin ƙasar kakanninsa ba. Ta ce, "Mun hana su dajinsu. Aƙalla kada mu yi musu ƙarya a hoto."

In ta gama kafa reshe da 'yan maƙalan shanya, ta ja baya ta karkata kai, kalma biyu ce hukuncinta: "Zai yi." Ba ta taɓa cewa ya yi kyau ba. Da na ga hoton aurensu na tambaye ta me ta gani a jikin Veikko, amsar ke nan da ta ba ni.

Daga nan aikinsa ne. Da sassafe yake yi, kafin rana ta ɗumama baranda, lokacin da sanyi ya sa ƙwaron lafewa. Ya kafa kyamara a kan ƙafa uku, ya saki farin labule don haske ya yi laushi, ya matso har gilashin ya kusa taɓa gashin kan ƙwaron mai kama da gashin tsuntsu. A irin wannan kusanci, abin da ke fitowa tangaran bai fi kaurin farce ba. In ido ya fito, ƙafa ta dushe. Numfashi ɗaya ya isa ya ɓata komai, haka ma motar katako in ta wuce a titi. Sai ka ga ƙaton nan ya durƙusa ya ɗauke numfashi, fuska ta yi ja, yatsa ɗaya a kan igiyar dannawa. Da zarar ƙwaron ya fara karkarwa, to yana ɗumama jiki ne zai tashi, lokaci ya ƙare.

Na ga aure iri-iri a garin nan, na masu sumbatar juna a bakin coci su je gida su yi jifa da kwano. Ban ga biyun wannan ba: mutum biyu a baranda, ba mai cewa uffan, suna jiran iska ta kwanta.

Akwai guda ɗaya da Lempi ta ƙwallafa rai a kansa, tun ranar da ta gan shi a wata mujalla. Daga tsibirin Madagaska yake, rawaya kamar gwaiduwar ƙwai, da ɗigo ja-ja kamar idanu, da jela biyu dogaye masu murɗaɗɗen baki. Mai jela suke ce masa a gidan. Ta hana Veikko ya sayo shi sai ta sami itacen ƙasarsa. Shekara uku tana rubuta wa wani babban lambu a birni wasiƙa, har suka gaji da ita suka aiko mata da ɗan tsiro kamar tsinken sakace. Shekara bakwai tana renonsa kafin ya kai mata ƙugu. Sannan ta ce, "Yanzu ka aika."

Ƙwai goma sha biyu suka iso a watan Afrilu na 2018. Wannan karon ba ta yarda da kwanso sayayye ba, ta ce da hannunta za ta rene su. Wata biyu tana yankar ganyen itacen turare safe da yamma, tana wankewa, tana share kashinsu, tana ɗauke su ɗaya-ɗaya a kan yatsa zuwa sabon ganye. Tsutsotsi kore, masu ƙiba kamar babban yatsan Veikko. Bakwai suka mutu tun suna ƙanana. Biyu suka mutu daga baya. Uku suka saƙa kwanso, fari mai sheƙi kamar azurfa, da 'yan huji-huji a jiki. Sai jira.

A watan Satumba Lempi ta faɗi a kicin da wuƙar yankan nisu a hannu. Shanyewar ɓarin jiki. Da aka dawo da ita daga asibiti, ɓangaren dama ya tafi, magana ta tafi gaba ɗaya. Matar da harshenta ya yi shekara saba'in da shida yana aske mutane ba ruwa, yanzu sai ido. Veikko ya sauko da gado falo, ya ajiye shi inda za ta riƙa ganin ƙofar baranda. Suka yi yarensu: in ta rufe ido ta kau da kai, a'a ke nan. In ta buga yatsan hagu sau biyu a kan bargo, zai yi.

Ni nakan je kullum da hantsi in zauna da ita, in ba ta labarin wanda ya ci amanar wa, tun da yanzu ba ta iya katse ni.

Veikko ya iya juya ta, ya iya ba ta miya a cokali, ya iya tsefe mata kai. Abu ɗaya ne bai iya ba. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa ba tukunya ruwa ba, ba a taɓa barinsa ba. Sai ya ɗauka ƙauna ita ce yawan ruwa. Safe da yamma yake tuttula wa itacen Madagaska, har da ƙari in ya ji tsoro. Ganyen ya yi rawaya, ya ƙara ruwa. Kafin ƙarshen Oktoba saiwar ta ruɓe, ganye ya zube tas, shekara goma ta Lempi ta koma sanda a tukunya. Ya ja tukunyar bayan gwaba don kada ta hango. Ta hango. Ido kawai ta zuba masa, ya fita waje ya yi ta faskaren itacen da ba a bukata.

Kwanso na farko bai taɓa buɗewa ba. Na biyu ya buɗe, amma ƙwaron ya faɗo ƙasa kafin fikafikansa su miƙe, suka bushe a cukurkuɗe. Saura ɗaya.

Ranar Laraba ta biyu a Nuwamba, da hantsi, ya fito. Namiji ne. Ya rataye a ƙarƙashin kwansonsa, jiƙaƙƙe, fikafikai kamar tsumma, ya yi ta tura musu jini a hankali har suka baje, jelar nan biyu suka sauko suka miƙe. Veikko ya tura gadon har bakin ƙofa. Sa'a biyu suna kallo. Hawaye na bin ɓangaren fuskarta mai rai.

Likita ya riga ya faɗa wa Veikko a tsakar gida cewa kada ya sa rai da Kirsimeti. Shi kuma ya san lissafin ƙwaron ba sai an faɗa masa ba. Kwana biyar ne. Kuma namiji ba ya zama, da yamma ta yi zai fara dukan raga yana neman macen da ba ta nan, jelar ce ke fara yagewa. Safiya biyu yake da su, in an yi sa'a uku. Ga ƙwaron da ta rena, ga kyamara a kafe, babu reshe. Kuma bai taɓa ɗauka ba sai ta ce zai yi.

Safiyar Alhamis ya fara kawo mata rassa bakin gado, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tallan atamfa.

"Gwaba?"

Ta rufe ido.

"Lemo fa? Ai sun ce akwai lemo a can."

Ta rufe ido.

"To ga turare. Shi suka ci, Lempi. Shi ya gina jikinsa."

Ta kau da kai. Itacen turare na Ostareliya ne, kuma ta san ya sani.

Ya kawo ɓaure, ya kawo kirfa. Daga ƙarshe ya karyo reshe daga mataccen itacenta, busasshe, ba ganye ko ɗaya, ya riƙe shi a gabanta. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta rufe ido. Rana ta haura, baranda ta yi ɗumi, safiya ɗaya ta tafi.

Ranar Juma'a ya tuƙa mota sa'a biyu zuwa wani kantin furanni, ya dawo da kujerar baya cike da tukwane. Ta ƙi su duka. Na ce, "Lempi, ke ko kan gadon mutuwa sai kin wahalar da bawan Allah? Ki buga masa yatsa mana, wa zai sani?" Ta juyo da idon nan ta kalle ni, na ji kamar ni ce na ɗora ƙwaro a kan tsintsiyar wanka.

A baranda Veikko ya kashe murhu, ya rufe kejin da baƙin zane don ƙwaron ya lafa. Duk da haka, da gari ya waye ranar Asabar, bakin jelar hagu ya fara cinyewa.

Bai kawo reshe ba ranar. Ya zo ya tsaya a gefen gado, hannu rabbana.

"Na gaza, Lempi," ya ce. "Na kashe miki itace, kuma ba ni da wani. Bari in kawo miki shi ki gan shi kusa, tun yana da kyan gani. Hoton a bar shi."

Ya je ya ɗauko shi a kan yatsa, yana takawa kamar mai ɗauke da cikakken kwanon miya. Ya sunkuya da shi kusa da fuskarta.

Sai hannunta na hagu ya tashi daga kan bargo. A hankali ya tashi, yana karkarwa. Ta sa yatsa a gaban ƙirjin ƙwaron ta ɗan tura, yadda ta yi sau dubu. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ɗaga ta biyu, ya tako. Sannan ta juya hannun, tafin ya kalli ƙasa, ƙwaron ya zagayo ya rataye a ƙarƙashin yatsunta, jela biyu suka sauko suna lilo. Ta kalli Veikko. Ta kalli ƙofar baranda, inda kyamara ke tsaye.

"Lempi," ya ce, "hannu ne fa."

Ba ta ɗauke ido ba.

"Dokarki ce. Ke kika ce kada a yi musu ƙarya."

Ta yi masa kallon nan na ɗakin ƙasan coci. Ni na gane kafin shi, amma maza sai a hankali. Wannan ƙwaron bai san Madagaska ba, uwarsa ma ba ta sani ba. Tun yana tsutsa kamar zare, wannan hannun yake hawa.

Na cusa mata matashi a ƙarƙashin gwiwar hannu. Veikko ya jawo ƙafa ukun, ya saki farin labule, ya durƙusa da gwiwoyinsa na shekara saba'in da tara. Ta cikin gilashi ya ga fatar hannun, ta yamushe ta yi tsagi-tsagi, da ɗigon tsufa, da jijiyoyi kamar saiwa, 'yan ƙafafun ƙwaron sun kama ta gam. A can gefe kuma zoben aurensu ya shigo, wanda ya mayar mata hannun hagu da na dama ya kumbura. Tsohon darasi ya motsa masa, na jan zare. Ya karkata kyamarar kaɗan don ya fitar da zoben.

Lempi ta rufe ido.

Ya tsaya. Ya mayar da kyamarar inda take. Ta buɗe.

Ya ɗauke numfashi. Ni ma na ɗauke, ban san na yi ba. Hannunta na rawa, sai ya jira ɗan tsakanin nan da rawar ke lafawa, ya danna. Ya sake. Sau huɗu ya samu. A na biyar fikafikan suka fara karkarwa, ya miƙe ya karɓe shi daga hannunta, hannun ya faɗi kan bargo kamar an yanke igiya.

Uku sun dushe. Ɗaya ya fito tangaran, daga gashin kan ƙwaron har zuwa zoben.

Ƙwaron ya mutu ranar Litinin. Ranar Alhamis Veikko ya kawo hoton a wanke, babba, ya riƙe mata shi a gaban gado. Ta bi shi da ido kusurwa-kusurwa, sama da ƙasa, tana neman laifi kamar yadda ta saba. Har ya fara gumi. Sannan yatsan ya motsa a kan bargo. Ɗaya. Biyu.

Ta cika ranar tara ga Disamba, da rana tsaka, dusar ƙanƙara na sauka. Allah ya ji ƙanta. A nan ba a haƙa kabari a cikin sanyi, sai ƙasa ta saki a watan Mayu za a binne ta, amma Veikko ya riga ya sa an kafa dutsen kabarinta, layi na uku a bayan coci.

Talatar farko ta Fabrairu ya sauko ɗakin ƙasa da hoton a rungume. Mun ragu zuwa mutum tara, kofin ma ya zama marar ƙarfi saboda zuciyoyinmu. Ya jingina shi a teburin hotunan halittu, ya ja baya, ya harɗe hannu.

Ba wanda ya taɓa nisu.

Sulo Pelto, yanzu da sanda da na'urar ji a kunne, har yanzu shi ne alƙali, don ba wanda ya ƙara karanta littafin. Ya daɗe a gaban hoton. Ya fyace hanci. Sulo ba mugu ba ne, doka ce kawai ta shige masa ƙashi.

"Veikko," ya ce, "ban taɓa ganin irinsa ba. Amma ba a wannan teburin ba."

"A nan zai zauna."

"Ka san ƙa'ida. Hoton halitta, kada aikin ɗan'adam ya fito a ciki. Ko shinge ba a yarda ba, ko wayar lantarki. Wannan kuwa hannu ne sukutum. Ga zobe ma!"

"Na ga zoben."

"Mu mayar da shi teburin hotunan mutane, in liƙa masa ƙyalle yanzun nan."

Sai ɗaki ya kaure. Wani ya ce a yi wa dokar kwaskwarima, wata ta ce in an karya yau gobe wani zai kawo kyanwa a kan kujera ya ce daji ne. Ni na ce wa Sulo ya cire abin kunnensa ya huta, tun da ba ya amfani da shi. Sulo ya buɗe littafin, ya sa yatsa a kan layin, ya ɗaga murya.

"Ba ni na rubuta ba! Shekara talatin da biyu da suka wuce, a ɗakin nan, na hana ka ƙyalle saboda reshe. Lempi ce da bakinta ta nuna mana. In da tana nan, ita ce za ta fara cewa wannan ba mazaunin ƙwaro ba ne!"

Veikko ya warware hannuwansa. Ya ɗauki hularsa daga kan tebur, ya sa, ya gyara mata zama.

"Sulo," ya ce, "shekara talatin da ɗaya ita ke zaɓen reshe. Wannan ma ita ta zaɓa. Ni sau ɗaya na taɓa ja da ita, kana wurin, ka ga yadda aka kwashe. In kai kana jin ƙarfi, layi na uku ne a bayan coci. Je ka faɗa mata."